Shayin Farfesa Lin a Tukunyar Mama Milka

Shekara biyu Malama Yemima tana zarya ofishin shugaban kwalejinsu a Kafanchan kafin ya yarda a yi Makon Al'adun Sin. Ya ba ta zauren taro, ya haɗa mata da sharaɗi: in baƙuwar da za a gayyato ta tafi da ɓacin rai, kada ta sake kawo masa zancen. Ita kuwa tarihin Sin ya shiga ranta tun tana ɗaliba, har abokan aikinta suna kiranta 'yar Beijin ta Kagoro, wato garinsu.

Baƙuwar, Farfesa Lin, 'yar ƙasar Sin, daga Abuja ta zo, da Hausarta tsaf irin ta rediyo. Kwana biyu komai ya tafi daidai. An ji labarin tsofaffin dauloli, ɗalibai sun ɓata riguna da tawada wajen koyon rubutu da burushi. Rana ta uku ce ta al'adar shan shayi. Farfesa ta jera butar ƙasa da kofuna 'yan mitsi-mitsi kamar murfin kwalba, ta fito da gwangwanin ganyen da ta ce daga tudun garin kakarta aka tsinko shi, kuma shi ke nan ya rage mata. Ta jiƙa kaɗan, sai aka ce shugaba yana son gaisawa da ita. Yemima ta raka ta, ta roƙi Mama Milka ta lura da ruwan zafi kawai.

To, Mama Milka ba a ce mata "kawai". Shekara talatin tana girki a kwalejin, ita ce kuma uwar zumuntar mata a cocinsu. Ta buɗe butar, ta ga ruwa tsararo, ta ɗanɗana, tausayi ya kama ta. Mace ta taso daga bangon duniya, ta zo nan ƙasar citta, a bar ta da wannan? Ta juye ganyen kaf a tukunya, ta daka citta, ta watsa kanumfari, ta zuba sukari da madara gwangwani biyu, ta aika a kwaso manyan kofunan roba.

Tun daga bakin ƙofa Yemima ta ji ƙamshin. Zaure ya cika, shugaba yana kujerar gaba, ga Mama Milka tsaye da ludayi tana jiran yabo. Farfesa ta dubi gwangwanin ganyenta wayam. Yemima ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige, shekara biyunta sun narke a tukunya.

"'Yata, sha wannan," in ji Mama Milka, ta miƙa kofi da hannu biyu. "Wancan naki ba zai riƙe mutum ba."

Farfesa ta karɓa da hannu biyu ita ma. Ta kurɓa, ta yi tari, idonta ya kawo ruwa. Yemima ta fara ba da haƙuri, Farfesa ta ɗaga mata hannu. Ta gaya wa zauren cewa ba wannan ta zo koyarwa ba, kuma ganyen ya tafi ke nan. Amma a gidansu, in mura ta kama yaro, citta da sukari kakarta take dafawa, ta tsaya a kansa sai ya shanye. Shekara huɗu da rasuwar tsohuwar, ba wanda ya sake tsayawa a kanta haka.

Sai darasin ya koma na kakanni da citta, aka yi awa biyu ba wanda ya fita.

Da za a tashi, Mama Milka ta ɗaga ɗan kofin nan da yatsa biyu. "Wannan kam, 'yata, ko jariri ya raina shi."

"Baɗi zan zo da manya, Mama," in ji Farfesa.

Yemima ta waiwaya ta tabbata shugaba ya ji. Ya ji, yana miƙa kofinsa a ƙara masa.