Sunan Sharifa

Aikina shi ne duba masu sauraron yara a makarantun sakandare na Garwa. A kowace makaranta muna da ɗaki guda inda yaron da zuciyarsa ta yi nauyi zai zo ya zauna ya yi magana, ni kuma ina bin ɗakunan a kan babur ina gyara abin da ya karkace. Ranar nan ina unguwar Rumde Ajiya sai ga wayar Yvonne, sabuwar ma'aikaciyata, 'yar kudu, mai ƙwazo har ya yi mata yawa.

"Madam Nasiha, ki zo yanzu. Mahaifiyar Sharifa ta ce za ta kai ta Banyo."

Na san zancen Sharifa. Ƙanenta Mahfuzu ruwan Binuwai ya ci da daminar da ta wuce, tun daga nan abinci ya daina shigar ta. Makon jiya ta gaya wa Yvonne cewa in an tashi daga makaranta takan je kan gada ta tsaya tana kallon ruwa. Mun shirya mata ganin likita ranar Alhamis, muka kira uwar don a sanar da ita. A Banyo kuwa, gidan kakarta, ba mu da kowa, kuma ba wanda zai san abin da ke cin yarinyar.

Na tarar da mahaifiyar, Hajiya Kaltuma, a tsaye, ta gyara mayafi, ta riƙe wuyan hannun Sharifa. Yvonne ta ja ni gefe ta yi mini bayani da Faransanci.

"Na tambaye ta sunan 'yarta, ta yi shiru. Na sake tambaya, ta ce 'yarinyar nan'. Tun da ta shigo ko kallonta ba ta yi ba. Sai na ce mata yarinyar da uwarta ta ƙi ba za ta warke ba."

"Da wane yare kika faɗa?"

"Da Fulatanci."

Fulatancin Yvonne na cefane ne, ba shi da wurin tausasa magana. Raina ya ɓaci. Sharifa 'yar fari ce. A gidajenmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta jan sa a jiki a gaban mutane, kunya ce da aka gada, ni kaina uwata ba ta taɓa kiran sunan yayana ba har ta rasu. Na gaya wa Yvonne haka a gajarce, ban ɓoye fushina ba, sannan na juya.

"Hajiya, don Allah ki yi haƙuri. Baƙuwa ce, ba ta san al'adarmu ba."

"Malama, a gaban yarinyar ta ce na ƙi ta," in ji Hajiya, ba ta ɗaga murya ba. "Ni da nake dama kunu ta ƙi sha, ya huce, in sake damawa. In wannan ne abin da ake koya a makarantar nan taku, mun gode. Gobe akwai mota."

Ta ja hannun yarinyar. Na sha gabansu na tsaya a bakin ƙofa, abin da ban taɓa yi wa wata uwa ba. Dabara ɗaya ta zo mini, ita ce yarinyar ta wanke uwarta da bakinta, kowa ya huce.

"Sharifa, ke ai kin san kunya ce, ko? Gaya wa Madam Yvonne."

"Na sani," in ji ta, kanta a sunkuye.

Na sauke numfashi, na ɗauka an gama. Ashe ba ta gama ba.

"Amma Mahfuzu tana kiran sunansa. Har yanzu tana kira, in tana shara, in ta idar da sallah. Ni ban taɓa jin nawa ba. Shi ya sa nake ganin da ni ruwan ya ɗauka, da ba a rasa kowa a gidan ba."

Yvonne ta rufe bakinta da hannu. Ni kuwa kunya ta kama ni, ga ni na zo da bayanin al'ada cike da baki. Amma akwai maganar da dole a faɗa, ko da za ta ƙarasa ɓata komai.

"Sharifa, zan gaya wa Hajiya zancen gada. Kin yarda?"

Ta gyaɗa kai. Na faɗa kai tsaye, ban yi kwana-kwana ba. Na ga yatsun Hajiya sun saki hannun yarinyar. Ta tako zuwa ƙofa, na kauce, don ban san me kuma zan yi ba. Tsoro nake ji sosai, in ta fita a haka mun rasa su duka biyun.

Ta tsaya a bakin ƙofar, ta ba mu baya, tana fuskantar bishiyar darbejiya ta tsakar makaranta.

"Yaushe ne ganin likitan?"

"Alhamis, Hajiya."

"Ni zan kai ta."

Ta daɗe a tsaye, tana murza gefen mayafinta. Sannan, ba tare da ta juyo ba, da murya ƙasa-ƙasa wadda ta karye a tsakiya, ta ce, "Sharifa."

Yarinyar ta ɗago kai ta dube ni, ta dubi Yvonne, tana neman wadda ta kira ta a cikinmu.

"Sharifa," Hajiya ta sake cewa. "Ɗauko jakarki mu tafi gida."

"Na'am, Inna," in ji ta.