Baƙin Likitan Shanu

Abdulrasheed mutumin Maraɗi ne, likitan dabbobi. Wata ƙungiya ce ta ɗauke shi aiki, ta turo shi Sabon Birni ya riƙa yi wa shanun makiyaya allurar rigakafi, daga Gatawa har Isa. Tsakanin garinsu da nan bai kai tafiyar yini ba, harshe ɗaya, tuwo ɗaya. Amma a takarda baƙo ne daga ƙasar waje, shi kuwa mutum ne mai girmama takarda.

Don haka da ya samu gidan haya wurin Alhaji Lawwali mai hatsi, ɗakuna uku da zaure da rijiya, sai da ya sa aka rubuta yarjejeniya. Mai gida ba zai shiga ba sai da izini. Ba zai tashe shi ba sai ya sanar da shi a rubuce wata uku kafin lokaci. Ba zai saka masa kowa a gidan ba. Alhaji Lawwali ya shekara talatin yana ba da haya da musafaha kawai, amma ya saurara har ƙarshe, ya ce duk daidai ne, ya dangwala yatsa.

Ba don kansa Abdulrasheed ya kama ɗakuna uku ba. Matarsa Mardiyya ta shekara huɗu a gidan iyayensa cikin mutum ashirin da wani abu, ta kuma gaya masa ba za ta bar taro ta ƙetare iyaka ta tarar da wani taron ba. In gidan nata ne ita kaɗai, za ta zo. Suka tsayar da Juma'ar ƙarshen wata.

Saura mako uku, ya dawo daga ruga da la'asar ya iske wata tsohuwa zaune a ƙofar gidan, tare da mata biyu da yara da akuya da tukwane ɗaure cikin zane. Ta ce sunanta Tasalla, yayar Alhaji Lawwali ce, 'yan bindiga sun tashi ƙauyensu da ke bayan Gangara, kwanansu biyu a hanya. Ba ta roƙi komai ba. Abdulrasheed ya yi abin da aka koya masa tun yana ƙarami: ya yi musu sannu, ya buɗe ƙofa, ya shimfiɗa tabarma a inuwar tsakar gida, ya jawo ruwa. Ya ɗauka kafin magariba Alhaji zai aiko a tafi da su.

Ba a aiko ba. Washegari aka kafa murhu. Rana ta uku hadari ya taso, yara suka shiga ɗakin gabas, da ruwa ya ɗauke kuma ba wanda ya ga dalilin fitowa. Akuya ta cinye zogalen da ya dasa wa Mardiyya. Kowa na gaishe shi da ladabi, ana ce masa mai gida.

Ya samu Alhaji a shagonsa, takarda a hannu. Alhaji ya ce nasa gidan ya cika da waɗanda suka gudo, har a zaure ake kwana. Ya yarda ya kwatanta wa yayarsa unguwar, don akwai inuwa a wajen, amma shi bai saka kowa a gidan kowa ba.

Abdulrasheed ya kai ƙara. Alƙali ya karanta yarjejeniyar, ya yaba tsarinta, ya tabbatar masa cewa a sha'anin haya baƙo da ɗan ƙasa haƙƙinsu ɗaya ne, ba mai ikon cusa masa ko da kaza. Sannan ya tambayi wanda ya buɗe ƙofa.

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Wa ya shimfiɗa tabarma?"

"Ni ne."

"To Likita, baƙinka ne. Takardarka ta hana Alhaji shiga gidan, ta ina za ya bi ya hidda su? Kai ɗai ka iya sallamar su."

A bakin kotu Alhaji Lawwali ya riƙe hannunsa, ya ce shi dai ya daɗe bai ga shari'a mai adalci irin wannan ba.

Mako biyu Abdulrasheed yana shirya maganar a bisa babur, yana dawowa gida yana haɗiye ta. Mardiyya na kira tana tambayar faɗin ɗakuna don labule, yana ba ta awo daidai. Ranar Laraba da hantsi ya durƙusa gaban Tasalla tana tsintar wake.

"Inna, iyalina na tahe jibi."

"Madalla. Sai mu share mata ɗaki."

"Inna, gidan duka nika so."

Ta ɗago ta dube shi, ba fushi a fuskarta. "To ɗana. Da ka hwaɗi tun ranar da munka zo. Mun gode da ruwa."

Kafin azahar sun kwashe kayansu. Sun share ɗakunan, sun wanke bakin rijiya. Suka yi taku huɗu daga ƙofar gida, suka jingina zana da bango ta waje, suka rufa buhunan hatsi a sama, suka mai da murhu can. Hanya ba ta Alhaji ba ce, ba ta Likita ba ce. Masu wucewa masallaci sukan tsaya su gaida Tasalla su yi mata jaje, sannan su juyo su gaida Likita, su tambaye shi ya shanu. 

Ranar Juma'a Mardiyya ta iso a motar shata, gado da kwanoni ɗaure a sama. Ta durƙusa ta gaida tsohuwar kamar yadda ya kamata, ta shiga ta duba ɗakuna uku ɗaya bayan ɗaya, ta leƙa rijiya. Sannan ta tambayi su wane ne a waje. Ya gaya mata duka, har abin da alƙali ya ce game da haƙƙin baƙo. Ta fita ta ce wa direba kada ya kwance igiya.

"Na ce ban son taro," ta ce wa mijinta a zaure, murya ƙasa-ƙasa. "Ban ce ka zuba mini shi bakin ƙohwa ba. Kullum in ƙetare tsohuwa da jikokinta in shiga ɗaki ukku? Da wane ido za ni hita suna ko biki garin ga?"

Ya ce ai yana iya maido su ciki. Ta ce to an koma taro ke nan. Ta ce ya nemi wani gida, in ya samu ya kira ta. Shi ya san a Sabon Birni a wannan shekara ko shago aka rufe, akwai mutane a ciki suna kwana, amma ya ce to. Ta yi salla, ta ci abinci, ta sake durƙusawa ta yi wa Tasalla sallama, motar ta juya don su kai iyaka da rana.

Washegari da zai fita ruga ya bar ƙofar gidan a wangale, ya tokare ta da dutse yadda ba wanda zai ce iska ce. Ya hau babur ya tafi.

Da ya dawo da la'asar ya tarar an janye dutsen, an jawo ƙofar, an ɗaure ta da tsumma. Tasalla na zaune gindin bango tana dama fura.

"Sannu da aiki, Likita," ta ce. "Ka mance ƙohwarka buɗe."