Jijiyoyin Ƙafar Rukayyat

Matata Sa'adiya ta rasu ba ta bar hoto ba, don ba ta yarda da ɗaukar hoto. Abin da ta bar mini a gidanmu na Kurudu shi ne 'yarmu Rukayyat, da jijiyoyin ƙafa. Tsayuwa gaban kasko ce ta fito wa marigayiyar da su, sun kumbura sun nannaɗe kamar saiwa. Rukayyat ma'aikaciyar gwamnati ce, amma ta gaje su, a ƙafar hagu, daidai wurin na uwarta. In tana alwala a tsakar gida na dubi idon sawunta, Sa'adiya nake gani.

Wata Asabar ta ce, "Baba, zan je a yi mini maganin jijiyoyin nan."

"A yanka ki?"

"Ba yanka. Allura ce siririya, a zuba magani jijiyar ta rufe, jini ya bi wata hanya. Ranar zan dawo gida."

Na ɗaure fuska. "Ku 'yan boko, garin neman gira za ku rasa ido."

"Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, Baba. Ba kwalliya nake nema ba. In yamma ta yi, sai ka ce an ɗaura mini turmi." Ta dube ni, ta sassauta murya. "Ko dai ƙafar Inna kake wa rowa?"

Na kau da kai. Yaro bai kamata ya karanta cikin babba haka ba.

Ni na raka ta wani asibiti a Maitama. Ban gama jan carbi yadda na so ba, sai ga ta ta fito, sanye da doguwar safa mai matse ƙafa. Wata nas, Helen, ta ce, "Baba, oga ya ce ka bar shi ya riƙa tafiya, kar ya zauna." 'Yar tawa take nufi.

Kwanci tashi jijiyoyin suka dusashe. Na daina zama tsakar gida lokacin alwala. Me zan kalla?

Wata la'asar ina ƙofar gida, na hango mace ta sauka daga mota tana hawowa layinmu. Takunta sakayau, kafaɗa a miƙe, hannun hagu na lilo. Na ƙura mata ido. Haka Sa'adiya take tafiya a kasuwar Sheda ranar da na fara ganinta, tun ƙafa ba ta yi mata nauyi ba. Wallahi na manta da wannan tafiyar, sai ta tsufanta na riƙe. Sai da matar ta matso na ga ashe Rukayyat ce.

"Sannu da hutawa, Baba. Lafiya kake kallona haka?"

"Kin sayo mini goro?"

"Ba ka ce ba."

"To yanzu na ce. Koma bakin titi ki sayo."

Ta yi dariya ta juya. Na gyara zama, na bi ta da ido har ta sha kwana.