Huhun da Aka Hana Sayarwa

Maigidana mai duba nama ne a mayanka. Shekara ashirin da biyu yana tsaga huhun tumaki, ya buga wa mai kyau hatimi, ya hana sayar da marar kyau. Ɓarna ce dai ba ya so. Wanda ya hana mutane, sai ya ƙunso a leda ya kawo wa karen gidanmu, autarmu ta zuba masa da hannunta.

Da tari ya kama shi, wata shida yana shan maganin tibi, wato tarin fuka, tarin bai daina ba. Aka ɗauki hoton ƙirjinsa. Likita ta nuna mana wani abu a huhun dama, kamar lemo.

"Baba, za mu sa allura mu zuƙo ruwan ciki mu gwada."

Ya karɓi hoton ya ɗaga a taga, ya karkata kai yadda yake yi wa rago.

"Likita, kada ki huda. Jakar ruwa ce, 'ya'yan tsutsa ne cike a ciki. In ta fashe sun watsu. Kullum sai na ga goma irinta."

Na ji kunya kamar in nutse. Mutum da ƙafa ɗaya a kabari, yana koya wa likita aiki.

Ita kuwa ta ajiye biro. "Kuna da kare? Me yake ci?"

Ya faɗa mata, har da ɗan alfahari. Ta ce daga huhun tumakin ne tsutsar ke shiga cikin kare, daga kashinsa ƙwai ya manne a gashi, daga gashi sai hannu, sai baki. Gwajin jini ya gaskata shi. Ta sa ranar tiyata, bai ko tambayi yaushe ba.

"Wa ke wasa da karen?" in ji ta.

Nan alfaharin ya ƙare. Ni kuma tsoro ya kama ni, don autarmu har kwanciya take yi a jikin karen.

Washegari muka kai ta. Da hoton ya fito, bai bari likita ta fara gani ba. Ya ɗaga a taga ya daɗe, sama da ƙasa, dama da hagu.

"Wannan lafiyayye ne," ya ce, da muryar wurin aiki.

Likita ta duba ta ce haka ne. Sai ya zauna a ƙasa, a gaban mutane, ya rungume hoton yana kuka. Auta ta tambaye ni ko allura aka yi wa Baba.