Ranar da Aka Fitar da 'Yan Bencin Baya

Dija 'yar Yargalma ce. Tana da shekara huɗu gubar dalma ta shiga garinsu, ta ɗauke ƙannenta biyu. Ita ta tsira, amma ta tashi da nauyin karatu, sai ta karanta layi sau uku kafin ya zauna mata. Haka ta lallaɓa ta gama sakandare. Da JAMB ta kayar da ita karo na biyu, Inna ta tura ta Gummi wurin Gwaggo Amina, aka sa ta a lesin Malam Barau.

Shago biyu ne aka fasa bangon tsakaninsu. Ɗalibai saba'in, kwamfuta sha biyu, taga ɗaya. Duk Asabar ana gwaji, a liƙa maki a ƙofa, a sake rabon benci: masu ƙoƙari gaba kusa da kwamfuta, sauran baya. Wata huɗu Dija na bencin ƙarshe, inda muryar malami ke isowa guntu-guntu. Sau uku kacal ta taɓa kwamfuta. A gida kuwa Gwaggo tana wuni kasuwa, ta dawo ba ta da ƙarfin hira. Abokiyar maganarta ɗaya ce, Surayya, wadda suke raba benci da ƙuli-ƙuli.

Saura mako uku jarabawa, wata Talata da hantsi, Malam Barau ya shigo yana share gumi.

"Masu duba makarantu na tafe," in ji shi. "Benci biyar na baya, ku hita ku watse. Wanda anka tambaya, bai san nan ba."

Sauran suka nufi kasuwa. Dija ba ta da inda za ta, sai ta zagaya baya ta zauna gindin darbejiya da littafinta na tsofaffin tambayoyi. Can sai ga wata mata cikin masu dubawar ta zagayo tana amsa waya. Da ta gama, idonta ya sauka kan hatimin lesin da ke bangon littafin.

"Ke ɗalibar nan ce?"

Dija ta tuna abin da aka ce su faɗa. Bakinta ya ƙi.

"I, Hajiya."

"To me kike yi a waje?"

"Cewa anka yi mu hita."

"Ku nawa?"

"Mu arba'in."

Matar ta rubuta, ta yi mata godiya, ta koma ciki.

Aka rufe lesin kwana goma, sai da Malam Barau ya kama wani ɗaki ya raba ajin biyu. Kafin a buɗe, kowa ya san bakin wa ya jawo. Surayya ta tare ta a hanya.

"Ke kin saba hwaɗuwa. Mu mi munka yi miki da za ki cinye muna kwana goma?"



Da aka koma, kowa ya sami rabin awa a kwamfuta kullum, har 'yan baya. Dija ta koyi danna amsa yadda ya kamata. Amma in ta zauna, benci yakan yi mata faɗi, ba mai zama kusa da ita. Malam Barau bai zage ta ba, bai kore ta ba. Sunanta kawai ya daina kira. Tana shiga da sallama, ta fita ba wanda ya amsa.

Ranar jarabawa 'yan lesin suka cika mota guda zuwa Gusau. Ita ta shiga ta haya, tsakanin buhunan albasa da wani tsoho mai gyangyaɗi.

Ta sami maki ɗari da tamanin da ɗaya. Bai kai na aikin jinya da take so ba, amma ya isa kwalejin horar da malamai. Ta tattara kayanta ta koma Yargalma. Ta tarar da Inna tana sussukar gero.

"Kin ci, ɗiyata?"

"Na ci, Inna. Ba wanda nika so ba, amma na ci."

Inna ta yi hamdala, ta tambaye ta ko ta yi ƙawaye a Gummi. Dija ta ajiye jakarta, ta karɓi taɓaryar.

"Kawo in ƙarasa miki," ta ce.