Hatimin da Ya Ƙi Rusunawa

A ofishin ƙaramar hukumarmu takarda ba ta motsi sai da hatimi. Kowa da ɗan nasa mai ɗauke da sunansa, a dangwala a jar tawada a buga. Na magajin gari can hagu, na ƙaramin ma'aikaci can dama, sauranmu a tsakani. Kuma ba a buga shi a miƙe, sai an ɗan karkata shi hagu, ya zama yana rusuna wa na gaba. Babu dokar da ta ce a yi haka, amma wa zai fara dainawa?

Sai aka kawo mana Numata, wata matashiya mai saurin baki da saurin hannu, ta haɗa tsarin da zai mayar da komai cikin kwamfuta, har da hatiman. Dalilinta ba ɓoyayye ba ne. Kakarta tana wani ƙauye a kan dutse, sai ta sha doguwar tafiya a bas don takardar shaida ɗaya, a ce ta dawo jibi, mai hatimi ya tafi taro. Magajin gari ya yarda a gwada. Ya ce ranar Juma'a in shugabannin sassa duka sun amince, tsarin ya zauna. In mutum ɗaya ya ƙi, a koma takarda.

Kowa ya amince sai shugaban sashenmu, Kuramochi, dattijon da ritaya ke jira a bakin ƙofa.

"Shugaba, ka duba?" in ji Numata.

"Na duba, Numata-san," ya ce, har da "san" na girmamawa. "Aiki ya yi kyau ƙwarai. Bari mu ƙara nazari."

Ta fito tana fara'a. Na ce, "Ke, murnar me kike yi? A bakin Shugaba, ƙara nazari jana'iza ce."

Ta ɗauka idonsa ne, ta ƙara girman rubutu. Ta ɗauka tsoron na'ura ne, ta zauna ta koya masa. Ya yi godiya, ya ba ta koren shayi, ya ci gaba da nazari.

Ranar Laraba da rana na leƙa ofishinsa, na tarar ya langaɓe kai gefe yana kallon kwamfuta, ya kuma tokare gefenta guda da murfin akwatin abincinsa.

"Shugaba, wuyan ne ya motsa?"

"Hoshikawa-san, zo ki ga abin kunya." Ya nuna mini hatiminsa a jikin allon, kusa da na magajin gari. "Dube shi. Ƙiƙam! Sai ka ce sa'ansa. Tun ina da gashi a ka ban taɓa tsaya wa na gaba da ni haka ba. Yanzu da tsufana na'ura za ta mai da ni marar kunya?"

Dariya ta zo mini har wuya, na haɗiye, don na ga da gaske abin yana cinsa. Tausayinsa ma na ji.

Da na gaya wa Numata sai ta miƙe tsaye. "Wato kakata za ta ci gaba da jan ƙafa zuwa tashar bas saboda hoto bai gai da hoto ba?"

"Rage murya mana."

"Ni fa Hoshikawa-san, ban yi karatu don in koya wa kwamfuta fadanci ba!"

"To ki zaɓa, ko fadanci ko bas."

Bangon ofishin Shugaba ɗan katako ne, tari ma ana ji. A ranar ko tarin bai yi ba.

Washegari Numata ta sa wata 'yar kibiya a gefen hatimi, wadda in ka ja ta zai karkata. Ta je ta nuna masa, ta rusuna, fuska a murtuke. Labari ya bazu, kafin la'asar ofishin kaf ya shiga gasa. Wani a sashen haraji ya karkata nasa har ya kwanta, sai da aka tambaye shi ko suma ya yi.

Ranar Juma'a muka taru a bayan Numata muna kallon allonta. Hatiman shugabanni sun jeru, kowanne ya sunkuya hagu wajen magajin gari, gurbin Kuramochi kaɗai ba komai. Can sai ga hatiminsa ya bayyana, ja jawur. Aka fara tafi, sai na sashen haraji ya ce, "Kai, Shugaba ya yi kuskure, ya juya wa magajin gari baya!"

Gaskiya ne. Hatimin ya karkata dama, ya rusuna sosai wajen gurbin ƙarshe, inda ɗan hatimin Numata yake tsaye a miƙe.

Kuramochi ya fito da kofin shayinsa, bai kalli kowa ba.

"Shugaba," in ji Numata, "kibiyar ta tafi dama. In gyara?"

"Hannun tsoho ne, bai saba ba," ya ce. "Bar shi haka. Ki gai da kakarki."