Doki Hamsin ɗin Harouna

Karo na uku ke nan Malam Tamimu yana taka wa motar wuta, tayoyin baya suna ta gudu a kan ƙarafunan nan masu juyawa, ita kuwa tana nan ɗaure da igiyoyi ko motsi ba ta yi. Ƙara kamar garejin zai tsage. Harouna ya toshe kunne ɗaya, idonsa ƙur a kan allon kwamfuta. Da ƙarar ta lafa lamba ta fito: ɗari uku da hamsin da biyu.

"Na'urar nan taka ba ta da lafiya, Malam," in ji Harouna.

Malam Tamimu ya fito yana goge hannu da tsumma. Dattijo ne Bakano, shekararsa ashirin a Bronx yana gyaran mota, kuma shi ke da wannan na'urar auna ƙarfin inji da suke ce wa daino.

"Sau uku fa, mutumin Damagaram. In yi na huɗu?"

Abin da ya kawo Harouna nan alkawari ne. Aikinsa ɗaukar fasinja a filin jirgin JFK da motar kamfani, amma tasa ta kansa wata jar mota ce mai ƙofa biyu, silinda takwas, ta kwana biyu a duniya. Shekara biyu cur duk Lahadi yana ƙarƙashinta. Ya canja bututun shaƙar iska, ya canja salansa tun daga bakin inji har baya, ya kai an taɓa mata kwamfuta. To sai matarsa Nimatu ta haihu wata guda da ya wuce, 'yar mitsitsiya, bakwaini, aka sa mata Amal. Ranar da za su baro asibiti sai da aka yi rabin awa ana kokawa da kujerar jariri kafin ta shiga baya, Nimatu na tsaye da ɗinki a jiki. Suna isa gida ta ce a sayar a sayo mai ƙofa huɗu. Shi kuma ya ce motar da ya ƙara wa ƙarfin doki hamsin da hannunsa? Ta ce to a auna. In hamsin ne ta bar masa abarsa, in ba haka ba a rabu da ita. Ya ce ya yarda, har da rantsuwa.

Yau ga shi ranar awo ta zo daidai da ranar kai Amal asibiti. Nimatu ta bi bas da ita, shi ya taho nan.

Ya zaro takardar motar daga aljihu yana nunawa da yatsa. "Dubi nan. Doki ɗari huɗu kamfani ya ce, tana sabuwa. Na yi shekara biyu ina ƙara mata, yanzu ka ce min raguwa ta yi?"

"Ban ce ta ragu ba. Su a jikin inji suke aunawa, ni a taya. Kafin ƙarfin ya bi ta giya ya sauko taya, wani ya zube a hanya. Ɗari huɗunsu a wajena kamar ɗari uku da arba'in ne."

Harouna ya yi lissafi, leɓe na motsi. "Goma sha biyu ke nan?"

"In tana sabuwa ka fara. Ai ba sabuwa ka saye ta ba. Mil nawa ta ci?"

"Dubu ɗari da hamsin."

"To ka ji. Wataƙila ta gaji ta sauka ɗari uku, ka ɗago ta da hamsin ɗin. Wataƙila kuma ba ta sauka ba. Ka auna ta kafin ka fara taɓa ta?"

"Auna ta kuma? Ai ina jinta a jikina. In na taka sai bayana ya manne da kujera."

"Bayanka ba ma'auni ba ne. Duk wanda ya sa salansa mai ƙara haka yake ce min. Kunne ke ruɗinku."

Wallahi ran Harouna ya ɓaci. Ya zagaya motar sau biyu, ya daki taya da ƙafa. Malam Tamimu ya ga abin ya dame shi da gaske, sai ya sassauta.

"Akwai hanya ɗaya. Ka kawo tsofaffin kayanta, mu mayar mata, mu auna, sai mu cire wannan daga wancan. Aikin kwana biyu ne. Suna ina?"

Harouna ya sosa ƙeya.

"Kada dai ka ce min ka zubar."

"Wa ke zubar da ƙarfe? Kwantena na sa su bara, da tsofaffin tayoyi da firij. Suna Zinder wajen ƙanena."

Malam Tamimu ya yi dariya har da riƙe ciki. "Yanzu haka salansar ta zama murhu! To ka ɗauki motar ka kai ta Zinder a auna."

Ana cikin haka waya ta yi ƙara. Nimatu ce, kuma tun kafin ya yi sallama ta fara, muryarta har Malam Tamimu na ji.

"Baban Amal! Ta ƙaru! Wallahi ta ƙaru! Fam biyar da oza biyu aka haife ta, ka tuna, yau fam shida da oza tara! Nas ɗin sai da ta ɗora ta sau biyu, ta kira wata ta zo ta gani. Ga shi nan a kati, na farko a sama, na yau a ƙasa. Likita ta ce in ci gaba da ba ta nono kawai, babu wani ƙari. Na bugo wa Inna, na bugo wa ƙawata Aïchatou, kai ne ka ƙi ɗauka ɗazu!"

"Alhamdu lillahi," ya ce. Ya jingina da motar. "Alhamdu lillahi. Injin ne ke ƙara, ban ji ba."

"To taka fa? Nawa ta ƙaru?"

Malam Tamimu ya juya baya yana kwance igiyoyi, kamar ba ya ji. Harouna ya dubi allon. Nimatu ba ta san taya ba, ba ta san inji ba. Ga hamsin da biyu nan ɓaro-ɓaro a ƙarshen lambar, in ya ɗauki hoto ya tura ya ce shi ne ƙarin, shi ke nan, magana ta ƙare.

"Baban Amal, kana ji na?"

"Ban sani ba," ya ce. "Ban auna na farko ba."

"To, 'ban sani ba' hamsin ne?"

"Ba hamsin ba ne. Kuna ina?"

"Fordham Road, muna jiran bas. Ta yi barci."

"Ku tsaya nan, ga ni nan."

"Da wannan ƙarar? Ka tsaya nesa ka kashe ta, mu ƙaraso da ƙafa."

Da aka sauko da motar, Harouna ya karɓi tsumman Malam Tamimu ya goge ƙurar da ke kan bonet, a hankali, har gefen fitila. Sannan ya ja baya ya ɗauke ta hoto ta gaba, ta gefe, ta baya.

"In mai saye ya tambayi doki nawa ka ƙara mata fa?" in ji Malam Tamimu.

Harouna ya buɗe ƙofa, ya tura kujerar gaba don ta jariri ta samu wuri.

"Sai in tayar masa da ita ya ji."